Harajin Trump kan ƙarfe: in cika shago da kaya ko in dakata?

Tambaya: Ina sayar da rodi da kwanon rufi a Kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano. Na ji Amurka ta ƙara wa ƙarfe haraji, abokai na cewa farashi zai tashi ko'ina. In ci bashi in tara kaya tun yanzu?

Amsa: Alhaji, kada ka ci bashi saboda wannan labari.

Harajin nan a bakin tashoshin Amurka ake karɓarsa, kuma ɗan kasuwar Amurka mai shigo da ƙarfen ne ke biya. Trump ya fara sa shi a Maris 2018, kashi 25 cikin 100, da hujjar tsaron ƙasa. Da ya dawo mulki ya sake ɗaure shi a Maris 2025, zuwa Yuni ya ninka shi ya koma kashi 50 ga yawancin ƙasashe. Ƙarfe kan yi tsada a can cikin Amurka, amma wanda aka toshe wa hanya ba ya ɓacewa, wata kasuwar yake nema. Ga China, wadda ke narka fiye da rabin ƙarfen duniya: gine-gine sun ja baya a gida tun 2021, har abin da ta fitar waje a 2024 ya haura tan miliyan 100. Kaya sun yi yawa, masu saye sun ragu, to ta ina farashi zai tashi? Shi ya sa ma Tarayyar Turai ta kafa nata shingen tun 2018, don kada rarar ta kwararo mata.

Sannan akwai siyasa a ciki. Masana'antun ƙarfe na jihohi irin su Pennsylvania, inda ƙuri'a kaɗan ke iya juya zaɓe. Tsohon shugaban Amurka George W. Bush ya sa irin wannan haraji a 2002, bai kai shekara biyu ba ya janye a Disamban 2003, bayan Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya ta ce ya saɓa ƙa'ida, Turai kuma ta yi barazanar ramawa. Abin da sa hannun mutum ɗaya ke kafawa ko rushewa cikin dare, ba a ɗora jarin bashi a kansa.

Kayanka ma iri biyu ne. Rodi galibi a nan gida ake narka shi daga ƙarafan da 'yan jari-bola ke tarawa, don haka kuɗin wuta, gas, dizal da tsadar ƙarafan su ne ke motsa shi. Kwano kuwa naɗaɗɗen farantinsa galibi daga waje ake kawowa, tunda masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka fara ginawa tun 1979 har yau ba ta kammalu ba. Shi kuwa canjin dala da kuɗin kwastan ne ke juya farashinsa. Ka tuna yadda kaya suka yi tashin gwauron zabi bayan an saki naira a Yunin 2023; Washington ba ta da hannu a ciki.

Shawarata ka sayi abin da ka san zai fita cikin wata ɗaya zuwa biyu, da kuɗinka. In dila ya yarda ka ba da kafin alƙalami ya riƙe maka farashi, a rubuta, da ranar sauke kaya. Ka kuma riƙa auna kaurin kwano da na rodi kafin a sauke tirela, domin lokacin da arha ta yi yawa ne ake cusa marar kauri da sunan cikakke.