Cocin Ramseyer na Adum da mu mutanen Zongo

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka ga hotona a harabar coci wurin jana'iza, hankalinka ya tashi, har kana tambaya ko zaman Kumasi ya sa Baffanka ya saki layi. Ban saki ba, salla biyar tana nan. Amma sai ka san cocin kafin ka gane abin da ya kai ni.

A Adum yake, tsakiyar gari, ba nisa da kasuwar Kejetia. Sunan wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan ya ci, Fritz Ramseyer, na mishan ɗin Basel, wato masu wa'azin Kiristanci daga birnin Basel. Ba da ƙafarsa ya fara shigowa Kumasi ba. A 1869 dakarun Tonawa, wato Ashanti, ƙarƙashin Adu Bofo suka kama shi a garin Anum, shi da matarsa Rosa da jaririnsu. Jaririn ya rasu a hanya. Sai 1874 aka sake su, da sojan Ingila suka tunkaro garin. Wani da ya tsira da ransa ba zai sake waiwayo nan ba. Shi kuwa ya koma Abetifi ya zauna yana jira, shekara ashirin da 'yan kai, har 1896 da Turawa suka kama Sarkin Tonawa Prempeh, sannan ya dawo. Wannan naci nasa yana burge ni, ko da ba addininmu ɗaya ba.

Tonawa ba su rungume shi nan da nan ba. 'Ya'yan bayin da aka 'yanta na cikin waɗanda ya fara tarawa yana koya wa karatu. Yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, tsakanin Tonawa da Ingila, ya watsa komai, Ramseyer ya gudu da kyar, ya sake dawowa. A 1907 aka kammala ginin cocin, aka sa masa Ebenezer, daga baya aka sa masa sunan Ramseyer. Lokacin yaƙin duniya na farko aka kori 'yan Basel, mishan na Sikotilan suka karɓa, sannu a hankali ragama ta koma hannun 'yan ƙasa. Yau har da Tonanci ake wa'azi.

To a daidai waɗannan shekarun Zongonmu ya yi ƙarfi. Kakanninmu fataken goro da yaƙin Salaga na 1892 ya tarwatsa, da Hausawan da suka zo cikin soja, su ma baƙi ne a ƙasar Tonawa. Tare muka girma da cocin nan, kowa a gefensa.

Wanda aka yi wa jana'izar maƙwabcin shagona ne shekara talatin. Ran da mahaifiyata ta rasu, shi da dattawan cocinsu suka zo unguwarmu Aboabo, suka cire takalma, suka zauna kan tabarma har la'asar, suka ba da gudummawa kamar yadda ake yi a nan. Da nasa ya zo, in zauna gida? Na je, na gaisa da iyalinsa, na ajiye nawa. Ba na yin addu'arsu, su ma ba su taɓa nema ba. Babban Limamin Gana ma, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci wani cocin Katolika a Ankara, babban birnin ƙasar, a 2019 da ya cika shekara ɗari.

Ka gaida mahaifinka. In ka zo babbar salla zan kai ka Adum ka ga ginin.