Tsatsa ta cinye ƙarfen ƙarƙashin ƙofofin motata, ko fila za ta wadatar?

Tambaya: Motata ta haura shekara 20, kuma injinta lafiya lau. Sai dai fentin dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi ya fara kumbura, har wani wuri kusa da tayar baya ya huje. Wani mai gyaran bodi ya ce zai cike ramin da fila ya fesa fenti. Shin wannan gyara zai riƙe?

Amsa: Malam, ba zai riƙe ba, kuma dalilin yana cikin aikin da wannan ƙarfe yake yi. A yawancin ƙananan motoci babu shasi daban da aka ɗora bodi a kansa, bodin ne da kansa yake ɗauke da nauyi, kuma wannan dogon ƙarfe da ya taso daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya yana cikin abin da ke hana motar lanƙwashewa a tsakiya. Shi ne kuma yake tare wani ɓangare na bugu idan aka daki mota ta gefe, kuma a jikinsa ake kafa jak. Fila aikinta daidaita fuskar ƙarfe kafin fenti, ba ta ɗaukar nauyi ko kaɗan.

Ƙarfen kamar dogon akwati yake, da bango na waje da na ciki, sau da yawa har da na uku a tsakani. Ruwa da laka suna shiga, idan ƙananan ramukan da ke ƙasansa suka toshe sai danshi ya kwanta a ciki, gishiri kuma ya ƙara wa abin sauri. Saboda haka tsatsar daga ciki take cin ƙarfen zuwa waje, kuma kumburin da ka gani a fenti alama ce cewa ta riga ta ratsa shi. Ka sa a ɗaga motar a bi ƙarfen da ƙaramar guduma daga farko har ƙarshe: lafiyayyen wuri yana amsawa da kaifin ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ya yi lub, ɓarɓashi mai launin ƙasa yana zubowa. Idan maganaɗisu ya ƙi kama wani wuri, to an taɓa lafta fila a can. A gwajin lafiyar mota na Birtaniya, mota tana faɗuwa idan tsatsa ta raunana ƙarfe cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure bel ɗin kujera ko sitiyari ko birki, kuma ma'auni ne mai kyau ga kowa.

Gyaran gaskiya shi ne a yanke duk inda ya ruɓe har a kai ga ƙarfe mai sheƙi, a leƙa bangon ciki a gyara shi tukuna, sannan a yi waldar sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, wanda a bangon waje yakan kai kimanin milimita 1. Idan yankan zai yi tsawo, dole ne a tokare bakin ƙofa da sandar ƙarfe kafin a fara, in ba haka ba bodin zai sauka, ƙofa ta daina rufuwa daidai. Waldar ma ɗigo-ɗigo ake yin ta ana barin ƙarfen yana hucewa, domin zafi mai yawa yana murɗe siririn ƙarfe. Kafin wuta ta taɓa motar a cire kan batir, a ɗage kafet, a kuma kare wayoyi da bututun mai da na birki da ke bi ta kusa. Ɗora faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba tare da an yanke shi ba, a ganina, bai fi fila da komai ba, domin danshi zai samu sabon maɓoya tsakanin biyun.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na ƙarshe. Walda tana ƙone duk kariyar da ke bayan ƙarfen, don haka bayan an toshe gaɓoɓin an yi fenti, sai a fesa kakin hana tsatsa cikin akwatin, a kuma bar ramukan fitar ruwa a buɗe.

Kafin ka biya kuɗin aikin, a duba ɗaya gefen da daɓen motar da wuraren da ƙafafun baya suke ɗaure. Idan nan ma sun ruɓe, gyaran zai iya zarce darajar motar, kuma gara ka san haka tun ba a yanka komai ba.