Tambaya da amsa: Wane kaya zan tara kafin lokacin biki?

Tambaya: Salam. Ina girkin biki da suna a nan Jos. Duk Disamba da bayan Sallah oda tana min yawa amma lokacin kaya sun yi tsada, in na saya da wuri kuma wasu su lalace min. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya ba kowane kaya ake tarawa ba, nan ne masu girki da yawa suke ƙona jarinsu, sai mutum ya ga araha ya kwaso komai.

Wanda ba ya saurin lalacewa shi za ki zuba wa kuɗi. Shinkafa, wake, masara, ki saye su da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba lokacin da sabo ya shigo kasuwar Katako. Amma wake sai da lura, ki tabbatar ya bushe ƙarau sannan ki sa shi a buhun PICS, wato buhu mai leda a ciki da ke hana iska shiga, ko jarka mai murfi ki toshe, in iska ba ta shiga ƙwari ba sa rayuwa, ba sai kin zuba magani a abincin da mutane za su ci ba. Buhu kuma kar ya taɓa siminti ko bango, ki ɗora kan katako, don damina a Jos sanyi da laima suna shiga sito sosai. Manja ya fi sauƙi daga wajen Fabrairu zuwa Mayu, ƙarshen shekara yake hawa.

Kayan miya ne matsalar. Tumatir da tattasai da attaruhu suna cika kasuwar Farin Gada lokacin noman rani, Janairu zuwa Maris, in ruwa ya sauka wajen Mayu da Yuni kwando sai ya gagari mutum. To lokacin arahar ki markaɗa ki tafasa har ruwan ya tsotse ki sa a firiza, ko ki yanka ki shanya ki yi kauɗa, ni na fi yarda da shanyawa wallahi, saboda firiza a hannun wuta take, kwana biyu babu wuta kin yi asarar komai. Albasa ki baza ta inda iska ke ratsawa, ki dinga tsince mai laushi, ɗaya tana ruɓar da saura.

Dankalin turawa, kabeji, karas da latas kuwa kar ki tara. Kina Filato, daga Bokkos da Mangu ake kawo dankali, ki riƙe dila ɗaya mai amana ki sanar da shi sati guda kafin oda. Nama da kaji ma haka, sai an ba ki kafin alƙalami.

Nawa za ki saya? Littafinki ne zai faɗa miki. Ki duba mudu nawa kika dafa bara a Disamba, ki ƙara kaɗan, kar ki bi hasashe. Ki tuna azumi da Sallah suna matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, farashin da kika samu Sallar bara ba lallai ya dawo ba. Ki rubuta kwanan wata a jikin kowane buhu, na farkon shigowa shi ake fara buɗewa. Kuma ki bar kuɗi a hannu na gas, gawayi da sallamar yara masu aiki, don ba za ki biya su da shinkafar sito ba.