Ɗan Ireland mai sa kai a rundunar dawakai: me ya yi a Yaƙin Boer?

Malam, ka tambaya ko 'yan Ireland da suka sa kai a rundunar dawakan Birtaniya a Afirka ta Kudu sun yi faɗa da gaske. Sun yi, kuma sun sha wuya.

Rundunar ita ce Imperial Yeomanry, an kafa ta a Disamba 1899 bayan Boer, wato Turawan Afirka ta Kudu masu asali daga Holland, sun lallasa Birtaniya sau uku cikin mako guda. Mutum yakan sa hannu na shekara ɗaya, ko har yaƙi ya ƙare. Dokin na tafiya ne kawai. In an haɗu da abokan gaba sai a sauka a kama bindiga. Yawancin aikinsu sintiri ne da rakiyar kekunan kaya.

Abin da aka fi tunawa shi ne abin da ya faru a garin Lindley. Ranar 31 ga Mayu 1900, bataliya ta 13, mai rukunoni daga Dublin da Belfast, ta miƙa wuya ga janar ɗin Boer Piet de Wet bayan kwanaki a kewaye. Cikin kamammun har da James Craig, wanda daga baya ya zama firaministan farko na Ireland ta Arewa. Laifin na manyansu ne, a ganina.

Wasu 'yan Ireland kuwa, irin su John MacBride, ɓangaren Boer suka bi.