Tambaya da Amsa: Gerty Cori da Kimiyyar Sinadaran Jiki

Tambaya: Malam, wace mace ce ta fara samun kyautar Nobel a fannin likitanci, kuma me ta gano?

Amsa: Gerty Cori ce, haifaffiyar birnin Prag a 1896, wadda ta ƙaura zuwa Amurka a 1922 tare da mijinta Carl. Su biyun ne suka gano yadda sinadarin laktet da tsoka ke fitarwa lokacin aiki mai tsanani yake bin jini zuwa hanta, inda ake mayar da shi sukari, ya sake komawa tsoka. Abin takaici, ta shafe shekaru a ƙaramin matsayi a Jami'ar Washington da ke St. Louis, ba ta zama cikakkiyar farfesa ba sai 1947, shekarar da suka karɓi kyautar. Ta rasu a 1957.