Maganin Fesawa a Hanci Don Ciwon Mara da Neman Haihuwa: Amsoshin Likita

Tambayoyin wannan makon sun taru a kan nau'in magani guda, irin su Synarel da buserelin, wanda ake fesawa a hanci amma aikinsa a mara yake.

Tambaya: Likita, shekarata 27, ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara idan al'ada ta zo, har ba na iya tashi. An yi mini aikin leƙa ciki da kyamara, aka ce endometiriyosis ne, aka rubuta mini Synarel. Wata biyu ke nan ban ga jini ba. Surukata ta ce maganin ya ƙone mini mahaifa. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, mahaifarki lafiya lau take. Ɗaukewar jinin nan shi ne aikin da aka aiki maganin ya yi.

Ciwon da ke damunki yana faruwa ne idan nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a inda ba wurinsa ba: a kan ƙwai, ko bayan mahaifa, ko jikin hanji. Duk wata idan sinadarin istirojin, wanda ƙwan mace ke fitarwa, ya tashi, wannan naman ma sai ya kumbura ya yi jini, ga shi ba shi da hanyar fita. Daga nan ciwo ke tasowa, da mannewar kayan ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana shafar kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa. Da yawansu a nan an sha ce musu su yi haƙuri, in sun yi aure zai daina. Wannan magana tana ci mini rai, domin shekaru take cinye wa mata kafin su zo asibiti.

Sinadarin da ke cikin Synarel sunansa nafarelin. Yana bi ta jijiyoyin jinin hanci ya isa wani ɗan ƙulli mai girman ƙwayar wake da ke gindin ƙwaƙwalwa, wanda shi ke ba ƙwan mace umarni. Da farko yakan zuga shi, shi ya sa wasu ciwonsu ke ɗan ƙaruwa ko su ga ɗigon jini a makonni biyun farko. Bayan nan sai ƙullin ya yi shiru, istirojin ya sauka, al'ada ta tsaya, naman da ya tsiro ya rasa abin da ke ciyar da shi. In kika daina, al'ada kan dawo cikin wata biyu zuwa uku.

Amma akwai iyaka. Ba a wuce wata shida ana amfani da shi haka kawai, saboda ƙarancin istirojin yana rage ƙarfin ƙashi. Kuma yana kwantar da ciwon ne, ba ya tumɓuke shi, don haka tun yanzu ki tambayi likitanki me za a yi bayan wata na shida. In da hali, ki tafi da surukar taki ranar ganin likita ta ji da kunnenta.

Tambaya: Ni magidanci ne daga Samaru. Tun da matata ta fara wannan magani take farkawa cikin dare jiƙe da zufa, ga saurin fushi, kuma tana jin zafi lokacin kwanciyar aure. Mu daina?

Amsa: Malam, na ji daɗi da kai ne ka rubuto. Abin da uwargida ke ji shi ne abin da mata ke ji idan sun kai shekarun daina al'ada, sai dai nata na ɗan lokaci ne: zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, bushewar gaba, ciwon kai, raguwar sha'awa, canjin hali. Ba ƙinka take yi ba. Kada ku daina da kanku. Ku koma wurin likita, akwai ƙwayoyi irin su tibolone ko norethisterone da ake haɗawa don su sassauta waɗannan matsaloli su kuma kare ƙashi. A kemis kuma akwai man shafawa mai ruwa-ruwa na rage bushewa. Abu ɗaya da mutane ke mantawa: maganin ba na tsarin iyali ba ne. In ta tsallake fesawa, ƙwai na iya fita, kuma ba a son a ɗauki ciki ana kan sa. Ku riƙa amfani da kwaroron roba har a gama. In baƙin cikin ya yi nauyi har ta daina cin abinci ko barci, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Tambaya: Shekara takwas muna neman haihuwa, yanzu za a yi mana IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki sannan a dasa a mahaifa. An ba ni buserelin na hanci, aka ce yana tsayar da ƙwai. Ta yaya mai neman ciki za a ba ta abin tsayar da ƙwai?

Amsa: Hajiya, tambayarki a kan hanya take. A wannan aiki likita yana so ƙwayaye da yawa su nuna tare, ya ɗebe su a ranar da ya tsara. In aka bar jiki da kansa, zai iya sakin su kafin lokaci, kuɗi da wahala su tafi a banza. Don haka ake fara sa jiki ya yi shiru da buserelin, wanda ke aiki kamar nafarelin, galibi daga rana ta 21 ta zagayen al'ada, na tsawon mako biyu zuwa uku. Sai a duba da hoton ciki ko gwajin jini, sannan a fara allurar girmar ƙwai. Shi buserelin sau da yawa ake fesa shi a rana, kuma lokaci yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai wata da nake dubawa da ta manna takarda a murfin fulas ɗin shayinta, duk fesawa sai ta ja layi da biro. Ba ta taɓa tsallakewa ba. Allah Ya sa a dace.

Tambaya: Hunturu ya shigo, mura ta toshe mini hanci. Maganin zai shiga kuwa?

Amsa: Yana shiga. Ki fyace hanci a hankali tukuna, ki ɗan sunkuyar da kai, ki toshe ɗaya ƙofar da yatsa, ki danna kina shaƙa a hankali. In za ki sa maganin buɗe hanci, ki fara fesa Synarel, ki jinkirta na buɗe hancin da sa'a biyu. Ki riƙa ƙirga fesawa: kwalbar Synarel mai fesawa 60, a sau biyu kullum, kwana 30 ce, ragowar ruwan da ke ƙasa ba ya cika awo. Ki ajiye ta a tsaye, nesa da rana, musamman a zafin Maris da Afrilu. Kada ki bar ta cikin mota.

Tambaya: Ƙawata ta ji sauƙi da shi. Zan iya saya in gwada?

Amsa: A'a. Ba kowane ciwon mara ne endometiriyosis ba, zai iya zama ƙari a mahaifa ko ciwon sanyi da ya hau sama. Mai ciki, mai shayarwa, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba, duk ba sa amfani da shi. Ki je sashen mata na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko wurin wani ƙwararren likitan mata, ki tafi da lissafin ranakun al'adarki na wata uku da suka wuce.