Amsa ga ƙanina mai son zuwa Ingila karatun ƙarfen injin jirgi

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga saƙonka, ka ce ka gama injiniyan ƙarafa a ABU Zariya, kana neman mastas a nan Ingila a kan gashin ƙarfen nikel irin na injin jirgin sama, kana tambaya ko akwai abin bincike a ciki ko kawai a sa a tanderu ne a fitar. To wallahi akwai, kuma aikin da nake yi kenan kullum a lab.

Abu na farko, ka ajiye tunanin maƙeri a gefe. Shi maƙeri in ya gasa wuƙa ta yi ja sai ya tsoma a ruwa ta yi tauri nan take, amma wannan ƙarfen in ka gasa shi da zafi sosai ka sanyaya da sauri laushi ma yake yi, ƙarfin sai a gashi na biyu yake zuwa.

Ɗauki Inconel 718, wani haɗin ƙarfen nikel ne, shi aka fi amfani da shi, nikel ya ɗan haura kashi 50, kuromiyam wajen 19, niyobiyam wajen 5. Ana fara kai shi kusan digiri 980 a ma'aunin Celsius na awa ɗaya don abubuwan da ke ciki su narke a jikin nikel ɗin, ba wai ƙarfen ya zama ruwa ba fa, yana nan a daskarensa. Sai a mayar da shi 720 na awa 8, a sauko a hankali zuwa 620 a sake riƙewa, gaba ɗaya wajen awa 18. A wannan zaman ne wasu ƙananan ƙwayoyi na nikel da niyobiyam suke fitowa, ƙanana ne sosai maikuroskof na haske ba ya ganin su, kuma su ne ke tare hanya idan layukan atam suka so zamewa kan juna, ƙarfin kenan. Amma bar shi ya daɗe yana aiki sama da 650, sai ƙwayoyin su rikiɗe su zama wani nau'i da ake kira delta, za ka gan ta zara-zara a hoton, ta kwashe niyobiyam ɗin, ƙarfi ya faɗi. Ita deltan kaɗan tana da amfani don tana hana ainihin manyan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikin ƙarfen ƙara girma, yawanta ne matsala, shi ya sa 718 a faifan da ke riƙe fikafikan cikin injin ake sa shi ba a inda wuta ta fi ci ba.

Inda wuta ta fi ci irin su CMSX-4 ake sawa, shi ma haɗin nikel ne, da shi ake yin fiffiken da ke juyawa a cikin injin, fiffiken gaba ɗaya ƙwaya ɗaya tal, Rolls-Royce na zuba irinsa a Rotherham kusa da Sheffield. Nan ni abin ya fi burge ni gaskiya, kusan kashi 70 na jikinsa abin da ake kira gamma prime ne, wato ƙananan ƙwayoyin nikel da alminiyam, in gashi ya yi daidai ka duba a maikuroskof na lantarki sai ka ga ƴan murabba'ai jere reras, kowanne bai kai rabin maikiron ba (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Gashin farkonsa yana haura 1300, kuma tazarar da ke tsakanin ya yi daidai da ya fara narkewa ƴar kaɗan ce, dole a riƙa hawa mataki-mataki, ka yi gaggawa ka ɓata samfur mai shegen tsada. Saurin sanyayawa ma yana canja girman murabba'an, girman kuma shi ke nuna ko fiffiken zai jure ko zai riƙa miƙewa sannu a hankali cikin zafi har ya tsinke.

In batun bincike kake nema duba 718 ɗin da ake bugawa da firintar 3D ta leza, yana fitowa niyobiyam ya taru wuri-wuri, gashin da aka saba ba ya wadatarwa sai an ƙara zafi tukuna, mutane da yawa suna kai yanzu. Kuma ilimin zai yi amfani a gida, injinan gas na tashoshin wuta irin Geregu da irin waɗannan ƙarafan suke aiki.

Kafin ka taso don Allah ka zauna da taswirar fes, wato zanen da ke nuna yanayin da haɗin ƙarfe yake ɗauka a kowane zafi, har ka iya karanta ta da kanka, kuma ka koyi yanka samfur da goge shi, don rabin lokacinka nan zai tafi, in fuskar ba ta yi ƙal kamar madubi ba babu abin da za ka gani. Sannan wannan fannin sai da takardar ATAS, wato izinin karatu daga gwamnatin Birtaniya, kafin biza, kyauta ce amma tana ɗaukar makonni, ka nema da zarar makaranta ta ba ka gurbi. Ka gwada tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ma idan sun buɗe. Turo min takardar manufarka in duba kafin ka aika wa malamin da kake so ya kula da bincikenka, ka kuma gaida su Baba.